Kwanan Wata

Shagona na nan bayan Gidan Murtala,
tsakanin mai fotokofi da mai fura.
Kwamfuta ɗaya ce, ta marigayi Malam Sadisu,
da ita nake buga wa mutane takardu tun da ya tafi.

Ranar Talata Rumasa'u ta zo da kuɗin rajista
a ƙulle cikin leda, ledar a cikin hijabi.
Yau za a rufe, ta ce, sha biyun dare.
Na buɗe shafin makarantarsu.
Ɗan kwaɗon nan da ke zama a sama babu shi,
sai jan rubutu, kamar biron hedimasta:
wannan haɗi ba amintacce ba ne,
takardar shaidar shafin ba ta inganta ba.

Na sake lodawa. Na kashe, na kunna.
Na share duk tarihin da ta tara,
na jona ta da intanet ɗin wayata,
har bayanta na hura kamar mai hura gawayi.
Jan rubutu ko gezau.

Yaron fotokofi ya leƙo:
Anti, akwai wani ɗan layi can ƙasa,
danna ci gaba kawai, kowa haka yake yi.
Na dubi ledar Rumasa'u.
Ɗinkin sallah babanta ya kwana yi ya tara su,
idonsa ma har yau bai washe ba.
Ban danna ba.
In mai gadi ya ce dakata,
ko da gigin barci ya faɗa, a tsaya a ji dalili.

Na kira Nafi'u daga Fam Senta.
Sai bayan la'asar adaidaita ta sauke shi.
Ko jakarsa bai buɗe ba,
ya kai ido ƙasan allo, can lungun dama.
Anti, yau wace rana?
Na ce Talata.
Ya ce, ita a wurinta Juma'a ce,
ɗaya ga Janairu, dubu biyu da goma.

Shafin ya miƙa mata shaidar bana,
ita kuwa ba ta iso bana ba.
Ta ga hatimin shekarar da ba a haifa ba,
ta ce jabu ne.
Makaranta ba ta yi ƙarya ba, babu ɓarawo a hanya,
agogonta ne ya koma baya.

Ya kwance cikinta, ya zaro wani batir
faɗinsa bai fi kwabo ba.
Wannan ke riƙe mata lokaci in an ɗauke wuta, ya ce.
Ya gaji. Da wuta ta tafi jiya,
sai ta farka a inda ta fara.

Dubu biyu da goma.
Malam na kan kujerar nan a shekarar,
da yatsa biyu yake bugu, tabarau a kan hanci,
ni ina kawo masa tuwo a kula,
yana cewa bari in ƙarasa layin nan,
miya na hucewa.
Ashe can ta koma.
Ashe mu biyu ne.

Sabon batir ɗari biyar.
Nafi'u ya matsa gefe, ya ce, sa kwanan watan da hannunki.
Na buga rana. Na buga wata.
A kan shekara yatsana ya ɗan tsaya,
har Rumasa'u ta ɗago ta dube ni.
Sannan na buga.

Kwaɗo ya dawo mazauninsa, a rufe ruf.
Kuɗi suka shiga, rasit ya fito da ɗuminsa,
ta ninke shi huɗu, ta sa a ledar da ta zo da ita,
ta fita ana kiran magariba.

Nafi'u ya ce in yar da tsohon.
Na ce to.
Yana nan cikin jakata,
yana karo da makullin shago.